Ranar Da Na Jefa Muryar Kawu A Rijiya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara 40 yana goge a bukukuwan Zangon Kumasi. Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zango zuwa Alabar, da wuya ka sami layin da bai taɓa shimfiɗa tabarma a cikinsa ba ranar suna ko kamun amarya. Amma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ɗaukar sautinsa yadda ya kamata ba, sai guntattakin bidiyon waya waɗanda guɗar mata ta cinye. Ni kuwa rediyo ne aikina. A makarantar koyon aikin jarida an koya mini rubuta labari da titsiye ɗan siyasa, ba a koya mini haɗa sauti ba. Sai dai na ɗauka tunda kullum ina gaban makirufo da hedifon a kunne, ai na iya.

A farkon 2022 na lallashe shi ya zo ɗakina da mai kalangunsa da mai ƙwarya. Na aro makirufo uku, muka ɗauki waƙa biyar a yammaci guda. Daga nan na yi mako biyu ina kwana a kan kwamfuta, ina daidaita sautin da hedifon ɗin da na saya don jin kiɗa a trotro, irin mai taushin nan da ke buga maka bes har cikin ƙirji. Na kuma tsinci wani maɓalli a manhajar da ke faɗaɗa murya ta cika kunnen hagu da na dama, na murɗa shi sosai a kan muryar Kawu. A kunnena ya zama kamar yana waƙa a fadar sarki.

Daren Juma'a na saka waƙar farko a shirina. Mutum na biyu da ya bugo waya ya ce, "Allah sarki, ashe tsufa ya ci muryar Baba mai goge haka?" Na yi dariyar yaƙe na wuce. Washegari da safe ana maimaita shirin, ina zaune wurin mai shayin layinmu, sai na ji abin da jama'a suka ji ta ƙaramin rediyonsa mai sifika ɗaya. Goge na ihu kamar ana yanka karfe, kalangu ya koma kwankwasa gwangwani, muryar Kawu kuwa can ƙasa, kamar mutumin da ya faɗa rijiya yana neman a miƙo guga. Shayin ma kasa ƙarasa shi na yi.

Kawu bai yi faɗa ba. Da na je gaishe shi, ya daɗe yana shafa wa tsirkiyar gogensa ƙaro kafin ya ɗago.

"Ɗan nan, da ka bari na mutu tukuna, sai ka binne ni."

Bukukuwa biyu da aka yi masa magana a watan, daga baya aka ɗauki masu kiɗan kwamfuta. Ba zan rantse cewa saboda ni ne ba, amma har yau ban iya cire kaina daga ciki ba.

Wani dattijon injiniya a tasharmu ne ya nuna mini ta'asar da na yi. Ya ɗora waƙar a kan sifikun situdiyo, ya danna maɓallin da ke haɗe hagu da dama su zama sauti ɗaya, wato mono. Nan take muryar ta nitse. Ya ce abin da ke faɗaɗa murya yana yin haka ne ta hanyar saɓa abin da ke zuwa kunnen hagu da na dama. A hedifon kowane kunne yana cin nasa shi kaɗai, sai ka ji daɗi. Amma idan rediyo mai sifika ɗaya ya zuba su a kwano guda, ɓangarorin da suka saɓa sai su kashe juna. Kuma ko rediyon mota, idan tashar FM ta yi rauni, komawa mono yake yi. Ihun gogen kuwa laifin hedifon ɗina ne: an ƙera shi ya kumbura bes da siririn sauti ya danne tsakiya, ni kuma da na ji tsakiyar ta yi ƙasa sai na yi ta ɗaga ta, na kuma zaftare bes ɗin da nake jin ya yi yawa. Goge da muryar mutum duk a tsakiyar nan suke zaune.

"Yaro," in ji shi, "ka yi kwalliya ne a madubin maroƙa."

Shi ya ba ni labarin Yamaha NS-10, sifikar nan mai farin baki. A 1978 aka fito da ita don falon gida, masu jin kiɗa ba su yi na'am da ita ba saboda kaifinta. Injiniyoyin situdiyo a Amurka da Ingila ne suka ɗauke ta, don sun lura waƙar da ta yi daɗi a kanta takan yi daɗi a ko'ina. Wasu har takardar share hanci suke rufa wa ƙaramin bakinta na sama don rage tsinin. An daina ƙera ta a 2001, kuma har gobe ana farautar tsofaffinta. Ya ƙara da cewa Quincy Jones da injiniyansa Bruce Swedien, lokacin aikin Thriller na Michael Jackson a 1982, suna gwada sautin a kan wasu 'yan akwatuna masu baki ɗaya da ake kira Auratone, don su ji abin da mai ƙaramin rediyo zai ji. Faifan da ya zagaye duniya, ka ga, sai da ya bi ta hannun ɗan'uwan rediyon mai shayi.

Sai na shiga tara kuɗin monita, wato sifikar aiki wadda ba ta yi wa sauti ado. Na zaɓi shekara mafi muni. A farkon 2022 dala tana kusan sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 13, kuma kayan nan duk da dala ake shigo da su. Na fi sau huɗu ina zuwa shagunan Adum, kullum kuɗin da na ƙaro bai kai abin da farashi ya ƙaru ba.

Zuwan banzan nan dai ya koya mini sauraro. Mai shago zai kunna maka wadda yake son sayarwa da ƙarfi fiye da sauran, kuma duk abin da ya fi ƙara sai kunne ya ce ya fi daɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna yadda kunnen ɗan'adam ba ya jin bes da siririn sauti sosai idan an rage ƙara, sai an ɗaga suke fitowa. Don haka na riƙa roƙon a daidaita ƙarfinsu, a kuma rage. Na daina yarda da waƙoƙin da ke cikin wayar mai shago. Ina zuwa da nawa: tsohuwar waƙar Shata da na sani tun ina goye, da muryar abokiyar aikina tana karanta labarai, wadda nake ji kullum baki da baki. Kiɗa na iya ruɗar ka, amma muryar wanda ka sani ba ta ɓuya. A wata sifikar sai na ji ta kamar mai mura, a wata kamar ta sa kai a tulu.

Zuciyata ta so babba mai baki inci 8. Wa ba ya son baƙo ya shigo ya ce kai, situdiyo! Injiniyanmu ya tambaye ni girman ɗakina, na ce mita 3 ta kowane gefe, bulo da siminti. Ya ɗauki biro. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Raba shi da ninki biyu na tsawon ɗakin, ka sami wajen 57. Wato a daidai has 57, cikin ƙasan bes, ɗakin da kansa zai riƙa gunji, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, gunjin ruɓanya kansa zai yi. Ka matsa taku ɗaya bes ya cika maka kai, ka koma baya ya ɓace. Babbar sifika abinci kawai za ta ƙara wa wannan dodon. Na haƙura na ɗauki mai inci 5, guda biyu.

Na janye tebur daga kusurwa, na ajiye su ta yadda tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kaina, kamar murhu mai duwatsu uku, ƙananan bakunansu a saitin kunne. Tsohuwar katifa ta tsaya a bayana, kantar littattafai a gefe. Kwalin ƙwan da samari ke liƙawa a bango, don Allah a bar wa masu kaji abinsu. Bes ratsa shi yake kamar babu. Na kuma sayi stabilaiza, don wanda ya rayu a shekarun dumso ba ya jona abin da ya ci masa albashin wata uku kai tsaye a bango.

Hedifon ne ya fi ba ni wahalar yanke shawara. Masana sun fi yabon mai buɗaɗɗen baya wajen haɗa sauti, irin Sennheiser HD 600, saboda iska na ratsa shi, sautin ba ya cunkushewa a kai. Gaskiya ne, a garin da ake shiru. A Zango fa? Injin niƙa na bayan tagata, 'yan makarantar allo na gaba, aboboya na wucewa, ga masallatai uku da lasifikansu. Mai buɗaɗɗen baya duk zai shigo da su, kuma idan ana ɗaukar murya abin da ke cikinsa zai zubo cikin makirufo. Na sayi rufaffe, Sony MDR-7506, wanda tun 1991 yake yawo a gidajen rediyo. Yana da ɗan tsini a sama, na san da haka, na kuma yi wata guda ina jin waƙoƙin da na haddace a cikinsa har na gane halinsa. Yanzu da shi nake farautar ƙananan aibobi, tari ko ƙarar kujera, amma hukuncin wa zai fi wa ƙarfi tsakanin goge da murya a kan monita nake yanke shi, a hankali, yadda zan iya hira da mutum ba tare da ɗaga murya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako ne iyakar babba. Ni da kunnena ke kuka bayan kowane shiri, ban buƙaci a maimaita mini ba.

Kaya na ƙarshe da na saya ya fi duka arha: ƙaramin rediyo mai batir daga Kejetia, mai sifika ɗaya da wurin sa memori. Babu waƙar da ke fita ɗakina sai ta bi ta cikinsa, ta bi ta wayata, ta bi ta motar wani maƙwabcina direban tasi.

Allah ya taimake ni ban goge ainihin abin da muka ɗauka ba. Na cire faɗaɗawar nan gaba ɗaya, na dasa muryar Kawu a tsakiya, na sassauta wa goge inda yake gogayya da ita, na mayar wa kalangu cikinsa. Kafin in kai tasha, na ɗauki ɗan rediyon na tafi Aboabo bayan la'asar.

Ya saurara ido a rufe, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Matarsa ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Da waƙar ta ƙare ya ce in mayar baya kaɗan. Na mayar, gabana na faɗuwa.

"Nan," ya ce. "Ka ji?"

"Me na ɓata kuma, Kawu?"

"Ba kai ba. Mai kalangun nan ya makara da shiga. Shekara 12 ina gaya masa yana musu." Ya miƙo hannu. "Bar mini rediyon nan zuwa gobe, zan aika a kira shi."