Wanda Fari Ya Koro, Ruwa Ya Tarbe Shi

A Gwagwalada, daura da kogin Usuma, akwai wani dattijo mutumin ƙasar Daura wanda ba ya iya barci idan hadari ya taso. Da zarar ya ji iska ta kaɗa sai ya ɗauki tocila, ya nufi bakin kogi, ya haska wata turke da ya kafa domin auna tashin ruwa.

Abin mamaki, wannan bawan Allah rashin ruwa ne ya raba shi da garinsu. Yana saurayi aka yi farin 1973, ya ga gero ya ƙone a tsaye. Da aka sake yin wani a 1984 sai ya ɗaura ƙunshinsa ya yi kudu, gama a lokacin ana neman leburori a sabon birnin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da ginawa a 1976. Ya ɗauki kwanon kankare shekara da shekaru, har gwamnati ta taso daga Ikko a Disamban 1991. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ci ɗakinsa, ɗan abin da ke hannunsa kuwa bai isa fili ba sai a gangaren kogi.

Ranar 25 ga Yuli, 2020, aka kwana ana sheƙa ruwa. Kafin gari ya waye gidaje masu yawa sun rushe a Gwagwalada, an kuma yi asarar rayuka a Giri. Shi dai ya tsira da iyalinsa, amma ɗakuna biyu da buhunan masara sun bi ruwa.

Da fari ya ce ƙaddara ce, ya yi shiru. Daga baya ya ga abin ba ya ƙarewa: a 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta datse hanyar Lokoja, har man fetur ya yi wuya a Abuja, a Yunin 2023 kuma ta shanye gidaje a Lugbe, inda masu hali ke zaune. Ɗansa, wanda ya yi karatu, ya bayyana masa cewa duniya ce ke ɗumama saboda hayaƙin masana'antu da motoci, kuma duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska tana ƙara ɗaukar danshi kamar kashi 7 cikin 100. Watau ruwan mako guda yana iya sauka a dare ɗaya.

Dattijon ya jinjina kai, ya ce, "Wannan na masu ilmi ne, ɗana. Amma sauran na sani, domin da hannuna aka yi. Fadamun da ke shanye ruwa mu muka cike su da ƙasa, muka shafe da siminti. Ruwa ba ya manta hanyarsa."

Ɗan ya ce, "To, Baba, mu tashi mana."

Ya ce, "Mu tashi zuwa ina?"

Nan gizo ke saƙar. Kowace shekara hukumomi suna gargaɗi a bar bakin kogi, gargaɗin kuwa gaskiya ne. Sai dai wanda aka ce ya tashi ba a nuna masa tudu ba, an bar shi ne tsakanin ruwa da titi.

Saboda haka ya sake gini a wurin, ya ɗaga harsashi da bulo uku. Kafin kowace damina yakan tara matasan unguwa su yashe magudana, takardun gidan kuwa suna cikin leda a saman rufi. Ya kuma yi wa matarsa alkawari: ranar da ruwa ya kai zanen da ya yi a jikin turken, ko da tsakar dare ne, za su fita ba tare da waiwayen kaya ba.

Yana yaro an fita da shi roƙon ruwa a bayan gari. Har yau yana roƙo, sai dai ya ƙara kalma: Allah ya ba mu mai albarka, daidai ƙarfinmu.