Malam, Ka Tuna da Gandirobobi

Aminina Malam,

Labari ya iso mini cewa an ba ka limancin masallacin gidan yarin garinku, har ka fara karantar da ɗaurarru. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya taya ka riƙo.

Alfarma ɗaya nake nema: ka sa gandirobobi a lissafinka. Masu wa'azi da masu kai sadakar azumi duk fursunoni suke nufa, mai riƙe da makulli kuwa sai dai a gaishe shi a bakin ƙofa a wuce. Alhali shi ma a cikin ganuwar nan yake wuni, ya yi kwanan aiki, ya ƙirga mutane safe da yamma, in lissafi ya gaza da mutum ɗaya shi za a fara tuhuma. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma fushin wannan jira a kan gandiroba yake sauka, alhali ba shi ya hana a yanke hukunci ba.

Ka tuna daren da 'yan ISWAP suka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, ɗaruruwa suka tsere. Ka tuna ambaliyar madatsar ruwan Alau a Satumbar 2024, da ta rusa katangar gidan yarin Maiduguri. Ma'aikatan da suka ga waɗannan masifu sun koma bakin aiki da abin a ransu. Irinsu wani barci ke ƙaurace masa, wani ya riƙa huce haushi a kan matarsa da yara, wani ya faɗa shan ƙwaya. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ɗora musu nauyin gyaran halin ɗaurarru, kuma wanda hankalinsa bai kwanta ba da wuya ya gyara wani.

Shawarata, ka riƙa zama da su bayan azahar, ka bar su su yi magana kafin ka yi nasiha. Abin da ƙaramin ma'aikaci ya faɗa maka ya zama amana, domin ranar da ya ji zancen a bakin ogansa ba zai sake zuwa ba. Ka haɗa kai da faston gidan, tun da bariki ɗaya suke zaune, Musulmi da Kirista. Ka je musu suna da ta'aziyya, ka san iyalansu. In ka ga wanda damuwarsa ta yi nisa, ka yi masa addu'a, ka kuma raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna. In kai limami ka faɗa masa ba abin kunya ba ne, zai yarda.

Ka rubuto mini yadda suka karɓe ka. A gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini.