Gayya A Kan Takarda Ɗaya

Duk wanda ya tashi a karkara ya san gayya. Mai gona ya tara samari, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana biye da su, rago kuwa ba shi da wurin ɓuya, gama kunyar da aka bari a baya ita ke tona asirin mai ita. To, zamani ya kawo wata gayya wadda ba a yinta da fartanya.

Akwai wani saurayi a birnin Bauchi, ɗan wani mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, yana karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. A farkon shekarar 2022 malaminsu ya ba su aikin rubuta rahoto su biyar, ya sa shi shugaba. Ba su yi nisa ba sai malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba su kuwa janye ba sai watan Oktoba. Kowa ya kama hanyar gida, wani Azare, wani Misau, wata Gombe, amininsa kuma wani ƙauye bayan Ningi.

Da a da ne, sai kowa ya rubuta nasa, ran da aka haɗu a kai shagon buga takardu a Yelwa, a wayi gari da kwafi uku, ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe. Amma saurayin nan ya buɗe musu takarda guda a Google Docs, wanda kamfanin Google ya fito da shi tun 2006. Ita wannan takarda ba a cikin wayar kowa take zaune ba. Tana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin, abin da Turawa ke kira girgije, wato dai rumbu ne na nesa da ake shiga ta intanet. Mai takarda shi ke raba izini: wani ya gyara, wani ya yi sharhi a gefe, wani ya karanta kaɗai. Na Azare yana rubutu, ta Gombe tana ganin haruffansa suna fitowa nan take. Ko an ɗauke wuta waya ta mutu, abin da ya riga ya shiga rumbun yana nan.

Sai dai takardar tana da wani hali: ba ta mantuwa. Tana riƙe da tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi shi, da rana da sa'a. Bayan wata uku shugaba ya duba, ya ga amininsa ko harafi ɗaya bai sa ba. Sauran suka ce a soke sunansa, gama ga shaida ƙiri-ƙiri. Shi ma ransa ya ɓaci, har ya ɗora yatsa zai goge, sai ya ce bari dai ya ji ta bakinsa. Da ƙyar ya same shi ta wayar wani maƙwabci.

"Haba abokina, haka za mu yi da kai?"

"Wallahi na sayar da wayata tun farkon damina, na saya wa Inna magani. Amma nawa kashin yana nan, na rubuta shi a littafi."

Aka ɗauki hoton shafuffukan aka aiko, shugaba ya kwana biyu yana bugawa. Da ya gama ya sake duba tarihin, sai ya ga na'ura ta rubuta aikin duka da sunansa, alhali ko jimla ɗaya ba tasa ba ce. Nan jikinsa ya yi sanyi.

Allah da ikonSa, ba a daɗe ba abin ya juyo kansa. Mahaifinsa yana ciniki tare da ƙanensa, wanda ke bin kasuwannin ƙauye yana saro masara da gero, kowa da littafin lissafinsa, kuma kullum lissafin ba ya haɗuwa. Saurayin ya buɗe musu jadawali guda a Google Sheets, baffansa yana shigar da abin da ya saro daga can, shi kuma yana shigar wa mahaifinsa abin da ya iso. Wata rana aka ga buhu tara sun yi ɓatan dabo. Tsoho ya yi shiru irin wanda ya fi faɗa ciwo, baffa kuma ya daina zuwa cin tuwon dare. Zumuncin shekara da shekaru ya soma rawa.

Saurayin ya buɗe tarihin jadawalin yana neman mai laifi, sai ya ga kansa. Buhu 54 suka iso, shi kuwa da barci a idonsa ya rubuta 45. Ba wanda ya iya duba wurin nan sai shi, da ya so da ya gyara a ɓoye ya bar 'yan'uwa da zargin juna. Amma ya tashi ya je ya durƙusa gaban su biyun.

"Baba, Baffa, ku gafarce ni. Buhunan suna nan, hannuna ne ya yi kuskure."

Tsoho ya dubi ƙanensa ya daɗe, sa'an nan ya ce a kawo tuwo.

Jama'a, wannan na'ura abar amfani ce ga ɗalibi da ɗan kasuwa, tana rage wahalar tafiya da kuɗin buga takardu, tana kuma hana gardamar wa ya ce me. Amma iyakarta ta nuna hannun da ya taɓa takarda. Ba ta san wanda ya sayar da wayarsa don uwarsa ba, ba ta kuma san wanda barci ya rinjaya ba. Kafin a yanke wa mutum hukunci da abin da ta nuna, a kira shi a ji ta bakinsa. Rahoton nan dai da aka koma makaranta an miƙa shi da suna biyar a bangonsa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.