Abin da ƙasa ke iya ci

Kusan kowane garejin bakanike a Rano yana da wani fili baƙi ƙirin inda ake juye baƙin mai, wurin da ko ciyawa ba ta tsirowa. Yawancinmu mun ɗauka ƙasar ta mutu ke nan, alhali da sauran ranta. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta, wato bakteriya, waɗanda man nan abinci ne a gare su; suna farfasa shi sannu a hankali har ya koma ruwa da iskar kabon. Abin da ke daƙile su shi ne ƙarancin iska da taki. Shi ya sa maganin ya yi kama da noma: a kafce wurin, a zuba kashin kaji ko na shanu, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Ko a Alaska ta Amurka, da jirgin Exxon Valdez ya tsiyayar da ɗanyen mai a 1989, taki aka watsa a gaɓar teku. Ni da na tashi ina kai takin awaki gona a mangala, wannan ilimi bai zo mini a baƙo ba.

Inda nake jan birki shi ne idan aka fara tallata shi a matsayin maganin kowace guba. Ƙarfe ba ya ciyuwa. Da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010, babu bakteriyar da ta ceci Dareta ko Bagega. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta, aka shimfiɗa sabuwa.

Matsalar Kano ta fi kusa da wannan. Shekaru da dama dattin masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa ɗauke da sinadarin kuromiyom, kafin kogin ya haɗu da Kogin Kano, wanda ke fitowa daga Tiga a maƙwabtanmu. Akwai bakteriyar da ke mayar da nau'insa mafi guba zuwa wanda ba ya narkewa sosai a ruwa. Taimako ne babba, amma sinadarin yana nan kwance a cikin laka, kuma da ruwan da ke bi ta kanta manomin rani ke ba latas da alayyafonsa.