Haƙori Ya Tsira, Amma Babu Hotonsa

Ran Asabar 18 ga Janairu, 2025, wata tankar fetur ta faɗi a mararrabar Dikko, kusa da Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Jama'a suka yi caa da jarkoki suna kwasar mai, sai wuta ta tashi. Mutum fiye da 80 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu kuwa kabari guda aka yi musu, domin ba sauran kamannin da za a shaida su.

Mutanenmu da fuska suke shaida mamaci, ko tsagar gado, ko tabo, ko rigar da ya fita da ita. Waɗannan kuwa su wuta ke fara lashewa. Abin da ke gagarar ta shi ne haƙori, gama farin ɓawon da ya lulluɓe shi ya fi kome ƙarfi a jikin ɗan Adam, ga kumatu da harshe sun kare turamen ciki. In likitan haƙori ya taɓa ɗaukar hoton bakin mutum da na'urar nan mai hango ƙashi, sai a ɗauki na gawar, a jera su. Lanƙwasar saiwa, da siffar ciko, da gurbin wanda aka cire, da wuya su zo ɗaya ga mutum biyu.

Amma fa sai da hoton farko. Lokacin da igiyar teku ta afka wa ƙasar Tailan a Disamba 2004, yawancin Turawan da suka halaka ta haƙoransu aka gane su, don likitocinsu na gida sun adana hotunan. 'Yan ƙasar kuwa kaɗan ne ke da irin wannan ajiya, sai aka koma ga zanen yatsa.

To, ina ɗan acaɓan Dikko zai sami ajiya? In haƙori ya dame shi, kanumfari zai tura, ko ya nufi kemis. In abin ya ci tura a cire, ko da a asibiti ne, ba lalle a ɗauki hoto ba, balle a adana. Ga kuma gaggawar yi wa mamaci sutura, wadda ba mai ganin laifinta.

Uwa dai ta san wushiryar ɗanta, ta san giɓin da ya samu yana yaro. Sai dai masu wushirya suna da yawa tsakanin Dikko da Suleja, kuma abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ba ya jeruwa kusa da hoton gawa.