Malamin Malamai, Kada Ƙafarka Ta Bar Aji

Matasan lakcarori na tsangayar ilimi sukan zo gaishe ni tun da na ajiye aiki, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce: “Baba, yaya mutum zai yi ya kai farfesa da wuri?” Ba na ganin laifin mai wannan tambaya, don kowa da iyali a wuyansa. Hanyar kuwa a bayyane take. Ka yi digiri na biyu, ka yi na digirgir, ka tashi daga ƙaramin lakcara zuwa babba, zuwa mataimakin farfesa, sannan kujerar kanta. A kowane mataki za a ƙirga shekarunka, a ƙirga maƙalun da ka buga a mujallu. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne wanda aka ɗauke mu aiki dominsa, wato ko ɗalibin da muka yaye zai iya tsayawa gaban yaran birni ya koya musu karatu.

Mu 'yan zamanin UPE ne. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka tsara, aka rasa malamai. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da waɗanda ke bakin aiki, aka kuma yi ta yaye wasu cikin gaggawa. Niyyar mai kyau ce, kuma da yawa daga manyan yau ta wannan ƙofa suka shiga boko. Amma tun lokacin na gane cewa malamin da aka yaye cikin gaggawa ba ya barin aji cikin gaggawa. Shekaru masu yawa zai yi yana koyarwa, kowace shekara da sabon ayarin yara a hannunsa.

Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar malanta mai daraja ta biyu, aka ce NCE, wato shaidar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. Aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, da majalisar rajistar malamai a 1993. Takardu sun ƙaru, daraja ta ƙaru, ban musa ba. Sai dai ɗalibin tsohuwar kwaleji yakan tashi ne da makarantar gwaji a kusa da shi, yana shiga aji ana kallonsa ana gyara masa riƙon alli da ɗaga murya. Wannan kusanci da aji shi ne ya yi ta raguwa, kuma a birni aka fi jin raɗaɗin rashinsa.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Je ka unguwannin da suka cika suka batse a Kano, irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Dorayi, ka leƙa ajin makarantar gwamnati. Za ka tarar da yara sun haura ɗari, wasu a benci, mafi yawa a ƙasa. Wani ya fito daga makarantar allo tun asuba, cikinsa babu komai. Wata za ta tashi kafin a tashi don ta ɗauki farantin talla. Ga ɗan Kanuri da rikici ya koro iyayensa daga Borno, ga ɗan Fulani daga Zamfara, ga Bayarabiya da Nufawa, kowa da harshen da ya sha a nono. Littattafan da muke koyar da dabarun koyarwa da su an rubuta su ne da wani irin aji a zuciya, ba wannan ba.

Na taɓa zuwa duba wata ɗalibata a lokacin gwajin koyarwa, a aji biyu na wata firamare. Tsarin darasinta tsaf, kamar yadda muka koya mata: a raba yara rukuni-rukuni, biyar-biyar, kowane rukuni da katinsa. Ta ce su rabu, ajin ya rikice, babu ma filin da yaro zai juya. Ta tsaya da katunan a hannu, idonta ya kawo ruwa. Sai malamar ajin, wata dattijuwa mai tsohuwar takarda, ta taso daga baya. Ta yi tafi sau uku, yara suka amsa da tafi, aka yi tsit. Ta bar kowa a layinsa, ta kira manyan 'yan mata ta ba kowace gwangwanin madara cike da murafun kwalba, kowace ta kula da layi guda. Da Hausa ta ce a ware murfi bakwai, a ɗebe uku, a ɗaga abin da ya rage. Ta bi layi-layi tana duba hannuwa, ta tsuguna wajen wani yaro da ya ɗaga biyar, ta sa ya sake ƙirgawa da bakinsa. Sai da suka gane sannan ta rubuta lissafin a allo ta faɗe shi da Turanci. Da na fito na roƙe ta ta zo ta yi wa ɗalibaina magana. Ta ce, “Malam, ni me na sani da zan gaya wa 'yan jami'a?” Ta zo, kuma ɗaliban sun daɗe suna ambaton ranar.

Irin wannan sani yana nan jibge a makarantun birni, yana tafiya tare da masu shi idan sun yi ritaya. Lakcaran da ke neman abin bincike, ga shi nan. Ba sai ya raba takardar tambayoyi a ƙofar ofishinsa ya tara lambobi ba. Ya zauna a bayan aji zango guda, ya ga yadda ake koyar da yara ɗari, ya ga lokacin da yaro ke ɓacewa idan an juya daga Hausa zuwa Turanci, ya rubuta. Maƙalar za ta ba shi ƙarin girma, kuma hedimasta zai iya amfani da ita, musamman in ya daure ya taƙaita ta da Hausa.

Duba ɗalibai a gwajin koyarwa aiki ne mai wahala, na sani. Makarantu a warwatse, rana da cunkoso, alawus ba ya zuwa kan lokaci. Shi ya sa na ga wasu abokan aiki suna tara ɗalibai a ƙarƙashin bishiya, su duba littafin tsarin darasi, su sa maki su sa hannu, ba su ga kowa ya riƙe alli ba. Wannan sa hannun shaida ce, kuma shaidar zur ba ta zama halal don mai yin ta ya gaji. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su ci ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya kan yadda aka shirya ta, aka yi ta ka-ce-na-ce. Abin da ya hana ni barci a lokacin shi ne, mafi yawan waɗannan bayin Allah suna riƙe da takardun da wasu malaman malamai suka sa wa hannu.

Ɗalibanmu kuma kada a raina su. Gaskiya ne da yawa sun nemi likitanci ko lauya ba su samu ba, aka turo su ilimi. A 2022 ma mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, na jami'a 140. Suna zuwa da karyayyar zuciya, kuma lakcara na iya ƙarasa karya ta da kalma ɗaya. Nakan tuna musu cewa Sardauna da Tafawa Ɓalewa daga Kwalejin Katsina suka fito suka fara da koyarwa, Malam Aminu Kano kuma ya koyar a Bauchi da Maru kafin siyasa. Na ga waɗanda suka shigo suna gunaguni suka fita suna son aji, don kawai sun sami wanda ya ɗauke su da muhimmanci.

Roƙona ga shugabannin tsangayoyin ilimi da kwamitocin ƙarin girma shi ne su sa duba gwajin koyarwa cikin abin da ake ƙirgawa, da maki mai nauyi, a kuma biya kuɗin zirga-zirgarsa kafin a fita. Kowane sashe ya ɗauki makarantun gwamnati biyu ko uku a cikin gari ya riƙe su shekara da shekaru. Ku kuma 'ya'yana lakcarori, kada ku sa hannu a takardar ɗalibin da ba ku gan shi yana koyarwa ba.