Kaskon Dalma a Tsakar Gida

Mu da muka tashi a zangon Salaga mun san warin narkakkiyar dalma tun kafin mu san sunanta. Da damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, maharba suka fara shirin shiga daji, sai ka tarar da dattijo tsugune gaban murhu da tsohon kasko, yana zuba ƙananan harsasan da zai ɗura wa bindigarsa ta toka. Mu yara muna kewaye da shi, muna jiran waɗanda suka fito a karkace a miƙo mana mu yi dara da su. Wani ya cika aljihu, wani ya jefa a baki.

Ba don sha'awa iyayenmu suke wannan aiki ba. Harsashin kanti yana da tsada, maharbi kuwa talaka ne, zomo da zabo da gada su ne cefanensa. Ita dalma ba ta da gardama, tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba, wutar gawayi ta ishe ta. Ƙarfe sai an kai shi maƙera an haɗa da zugazugi, shi ya sa ya tsaya can. Sauƙin dalma ne ya shigo da ita tsakar gida, gefen tukunyar tuwo, inda jarirai ke rarrafe.

Ba mu ga aibin haka ba sai a shekarar 2010, lokacin da rediyo ya kawo mana labarin Zamfara. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Duwatsun zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar mai dalma ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta sa ƙarancin jini, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk da haka mun yi shekaru muna jan ƙafa, don babu mai son ya tunkari dattijo ya ce masa sana'ar kakanninsa cuta ce. Mata ne suka kai ƙara gaban mai unguwa, bayan wata ta zaro harsashi daga bakin ɗanta mai shekara biyu. Ranar da aka zauna, babban maharbin unguwa ya fusata. Ya ce shekara hamsin yana zubi, ga shi garau. Aka yi tsit. Sai limami ya ce masa: "Baba, kai ka riga ka girma. Jikan da ka sa a makarantar allo, wanda ka ce karatu ba ya zama a kansa, a ina yake wasa?" Tsohon ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba.

Ba mu ce dalma ce ta hana yaron karatu ba, wannan sai likita ya auna jini. Ba mu kuma hana kowa gadonsa ba. Abin da muka rubuta a littafin majalisa kaɗan ne: zubi ya koma bayan gari, a sarari, kaskon dalma kada ya sake haɗuwa da na abinci, mai zubi ya wanke hannu, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, a daina fasa mataccen batirin mota a gida, naman da aka harbo a yanke gurbin harbin a zubar.

Da rani ya kewayo, mun ga tsohon ya nufi bayan gari da kaskonsa a hannu. Jikan ya biyo shi da gudu, ya juyo ya ce masa: "Koma gida, ka ɗauki allonka."

'Yan'uwa na sauran zanguna, ku leƙa bayan murhunku. Allah Ya raya mana zuriya.